Yadda Saratu Ta Koya wa Firinta Lanƙwasa

Saratu Habila ta shekara goma sha ɗaya tana buga tafireta a wani ofishin yaƙi da jahilci a Haɗejiya kafin ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta. Mahaifinta mutumin Kagoro ne, aikin asibiti ya kawo shi, ita kuwa a nan aka haife ta, da ruwan kogin nan uwarta ta yi wankan jego. In ta je ganin dangi a kudu dariyar Hausarta suke yi, wai ta cika zaƙi kamar ta 'yan kasuwar kifi.

Aikinta shi ne buga darussan da ake kai wa azuzuwan manya a ƙauyukan fadama. Tafiretar ofis ta Turanci ce, ba ta da ƙa, ba ta da ɗa, ba ta da ɓa. Saboda haka in ta gama buga shafi a kan sitensil, takardar da ake gurza kwafi da ita, sai ta shimfiɗa shi a tebur, ta ɗauki wata allura mai kauri, ta bi layi-layi tana yi wa kowane harafi lanƙwasarsa da hannu. Shafi ɗaya yakan ci mata rabin awa. Ba ta taɓa ƙorafi ba, domin ta san wanda ya fara karatu da furfura ba ya iya cankar abin da marubuci ya nufa, abin da ya gani a takarda shi yake faɗa.

A farkon damina ta 1993 aka kawo wa ofishin kwamfuta da firinta mai ƙara kamar injin markaɗe. Shugaban ofis, Malam Ja'afaru, dattijo mai son aiki ya tafi da sauri, ya sa aka ɗinka musu mayafi na atamfa saboda ƙura. Cikin mako uku Saratu ta iya buga takarda da ita, ta ji daɗin yadda ake goge kuskure ba tare da an shafa farin ruwa ba. Abu ɗaya ne bai canja ba: kwamfutar ma ba ta san lanƙwasa ba.

A watan Agusta kogi ya cika ya batse, ruwa ya shanye gonakin shinkafa ya shiga rijiyoyi, amai da gudawa suka ɓulla a ƙauyuka. Malam Ja'afaru ya rubuta 'yar takarda a kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari, ya ce a buga ɗari huɗu kai tsaye daga firinta, domin masu kwalekwale za su tashi da hantsi.

"Ranka ya daɗe, ba a yi musu lanƙwasa ba," in ji Saratu. "A ba ni zuwa jibi in bi su da biro."

"Ɗari huɗu? Malama Saratu, mutane na kwance. Ai Bahaushe zai gane maganarsa ko da lanƙwasa ko babu."

Ta ga gaskiyarsa ta gaggawa, aka kwashi takardu.

Bayan mako biyu wata tsohuwa ta shigo ofis da kwandon bandar kifi a kai. Sunanta Yakaka, daga wani ƙauye a gefen Baturiya, tana cikin matan da suka fi ƙwazo a ajinsu. Ta sauke kwando, ta gaisa a gajarce, ta kwance bakin zane ta fito da takardar nan a ninke.

"Wa ya buga wannan?"

"Ni ce, Iya," in ji Saratu.

"To karanta mini nan, 'yata."

Saratu ta duba inda yatsan tsohuwar ya tsaya, ta karanta: "Ki rufe kwanon, kada ki ɓata ruwan."

"Haka aka rubuta? Sake dubawa."

Saratu ta sake dubawa. Abin da ke kan takarda shi ne: kada ki bata ruwan.

"Jikata Fanna ce ta kwanta," in ji Yakaka. "Na tafasa ruwa, na auna gishiri, na auna sukari, na rufe kwano yadda aka ce. Sai na ga an ce kada in ba ta. Na ce wataƙila sai ya kwana, ko sai malamin asibiti ya zo. Yarinya tana miƙo hannu, ina janye kwano, tun safe har azahar. Ba don Malama Zainaba mai koyar da mu ta biyo ta gidan ba, da yanzu gaisuwa kuke zuwa yi mini."

"Ta samu sauƙi?" in ji Malam Ja'afaru, wanda ya fito ya tsaya a bakin ƙofarsa.

"Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma Malam, ku kuka shekara biyu kuna ce mana mai lanƙwasa daban, marar lanƙwasa daban. Muka yarda da ku. In kun fasa, sai ku aiko a gaya mana."

Malam Ja'afaru ya cire hula ya shafa kai, ya ba ta haƙuri har sau uku. Da ta fita ya ce daga yau an koma tafireta da allura, kwamfuta ta tsaya ga wasiƙun Turanci.

Maganar ta tsaya wa Saratu a rai. Washegari ta buɗe kwalin da firinta ta zo a ciki, ta ciro littafin bayaninta wanda ba wanda ya taɓa buɗewa. A bayansa ta tarar da wani jadawali, haruffa a jere, kowanne da lamba a gefensa. Ba ta gane amfaninsa ba, sai ta ajiye shi har ranar Alhamis, ranar da Malam Abdulwahid yakan zo. Shi malamin lissafi ne a wata sakandare, yana aron kwamfutar ofis yana buga tambayoyin jarrabawa.

Ya duba jadawalin ya ce, "Wannan ai shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Kwamfuta ba ta san harafi ba, Malama, lamba ta sani. In kin danna k, abin da take ajiyewa ɗari da bakwai ne. In kin danna b, casa'in da takwas. D kuwa ɗari cif. Sai ta aika wa firinta lambar, firinta ta duba ma'ajiyarta ta ga wane zane ke zaune a wannan lamba, ta buga shi."

"To ƙa lambarsa nawa?"

Ya bi jadawalin da yatsa daga sama har ƙasa. "Babu shi. Waɗanda suka raba lambobin ba su san da mu ba."

"Zanen fa, wa ya yi shi?"

"Su ne dai."

"Ba a canja shi?"

Ya ɗaga kafaɗa, ya ce bai sani ba. Saratu ta ci gaba da buɗe shafuka, har ta isa wani babi da aka zana ƙananan akwatuna a ciki, gida takwas daga sama zuwa ƙasa, goma sha ɗaya daga hagu zuwa dama, an cike wasu da baƙin ɗigo har sun ba da siffar harafi. Ta daɗe tana kallonsa. A zumuntar mata ta cocinsu ta koyi ɗinkin mayafin tebur, wanda ake ƙirga ramukan yadi ana soka zare, kuma takardar da ake bi wajen ɗinkin haka take sak.

"Malam, fassara mini wannan babin a hankali."

Suka zauna suka bi shi. Firintar tana da allurai a jere a tsaye, su ke dukan ribin mai tawada su bar ɗigo. Tana kuma da wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwarta inda mutum zai iya ajiye zanensa na kansa a kan lambar da ya ga dama. Yadda ake gaya mata zanen kuwa da lissafi ne: ɗigon sama ɗari da ashirin da takwas, na ƙasansa sittin da huɗu, sai talatin da biyu, ana ta rabawa biyu har a kai ɗaya. A kowane layi na tsaye sai a tara lambobin ɗigon da aka cike. Lamba goma sha ɗaya ke nan, harafi guda.

"A kan wace lamba za ki ɗora su?" in ji Abdulwahid. "Kowace da mai ita."

Saratu ta dubi allon bugu. Shekara goma sha ɗaya tana buga Hausa, ta san maɓallan da yatsunta ba sa zuwa. "Ga q, ga x, ga v, suna zaune ba aikin fari ba na baƙi. A ba ƙa gidan q, a ba ɗa gidan x, ɓa ya shiga na v."

Abdulwahid ya yi dariya har da tafawa, ya rubuta mata 'yan layukan umarni da za su kai lambobin ga firinta, ya bar mata gurbin da za ta cike.

Ta sayi littafin lissafi mai gidan dara. Kullum in an tashi aiki da ƙarfe biyu, sai ta ƙara awa guda tana zane da fensir. Ta fara da ƙa. Ta ɗauki sandar k mai ɗigo bakwai ta rage mata ɗigon sama, ta tara sauran shida ta samu ɗari da ashirin da shida, sannan ta jera ɗigo uku a layin sama su zama lanƙwasa. Ta shigar da lambobi, ta danna q, firinta ta yi ƙara. Abin da ya fito kamar kaza ta taka tawada. Ta sake lissafi, ta gano ta yi kuskuren tarawa a layi biyu. Ta gyara. Wannan karon sanda ta fito, ƙafafu sun fito, amma lanƙwasar ta gutsure.

Kwana huɗu tana fama da wannan gutsurewar. Ta canja ribin, ta goge kan firinta, ta sake tarawa har lambobin suka zauna mata a ka. Malam Ja'afaru yakan leƙo ya ga tulin takardun da ta ɓata, ya girgiza kai.

"Malama Saratu, abin da Bature ya ƙera, ke ce za ki ƙara masa ilimi?"

"Ranka ya daɗe, shi ya rubuta a littafinsa cewa ana iyawa. Ni dai bin sa nake."

A rana ta biyar ta koma babin ita kaɗai, tana bin Turancin kalma-kalma, sai ta ga wani ɗan gargaɗi da ƙananan haruffa a ƙasan shafi, wanda suka tsallake. Allura ɗaya ba ta iya duka sau biyu a jere, sai ta koma ta ɗauko ƙarfi, saboda haka dole a bar gida ɗaya fanko tsakanin ɗigo da ɗigo a layin kwance. Ta goge ɗigon tsakiya, ta matsar da na ƙarshe ƙasa kaɗan ya rusuno. Ta danna q sau goma.

Firinta ta yi ƙararta ta tsaya. Saratu ta murɗa takarda sama. Ƙa goma ne a jere, kowanne da lanƙwasarsa ta sunkuyo dama, kamar an yi su da hannun gwani.

Ba ta kira kowa ba. Ta zauna ta yi wa ɗa da ɓa nasu, ta yi manyan haruffan ukun, abin ya ci mata mako guda. Ran Litinin ta shiga ofishin Malam Ja'afaru ta ce ya zo ya faɗi duk abin da ya ga dama ta buga.

Ya zo ya tsaya a bayanta, hannu a baya. "Buga sunan garin nan."

Ta buga. A fuskar kwamfuta ya ga Haxejiya, ya ɓata rai. "Wannan kuma wane gari ne?"

"A dubi takarda, ranka ya daɗe."

Ya sunkuya kan firinta, ya gyara tabarau. Haɗejiya. Ya shafa kalmar da yatsa ko zai ji tudun biro, bai ji ba.

"Buga: ɓarawo ya ɗauki ƙwarya a ɗakin baƙo."

Ta buga, ya fito daidai. Ya ƙaro wata, ya ƙaro wata, yana neman inda za ta faɗi, har ya koma maganganun da ake gwada harshe da su. Da ya gaji sai ya yage takardar ya fita da ita tsakar ofis yana ɗaga ta sama, yana kiran masinja da direba da mai gadi su zo su gani. Mai gadi bai iya boko ba, amma ya karɓa ya duba ya ce lallai an yi aiki.

"Malama Saratu," in ji Malam Ja'afaru, "na ce ba za a iya ba, na janye. A cire wa kwamfuta mayafi."

A ranar aka sake buga takardar ruwan gishiri da sukari, aka aika a karɓo tsofaffin. Kafin kaka ta ƙare sun fitar da littafin karatu mai shafi sittin, da sunayen kifaye da tsuntsayen fadama da malaman azuzuwa suka tattaro daga bakin masunta, aikin da a da zai ci mata rabin shekara. Abin yana da wahalarsa. Firintar mantuwa gare ta, da an ɗauke wuta sai zanen ya gudu, sai an sake tura mata lambobin. In za a buga Turanci kuma dole a mayar da ita yadda take. Saratu ta rubuta matakan a kwali ta manna a bango, abin ya zama kamar kunna risho.

Labari ya kai sauran ofisoshi. Wani mai buga tafireta a Jahun, Tukur, ya aiko aka kwafa masa littafin a faifan kwamfuta. Bayan kwana uku sai ga shi da kansa a kan babur, da takardu a jaka.

"Malama, me na yi miki? Dubi abin da kika ba ni." Ya baza shafi a tebur: qasa, xaki, vera, har ƙasan takarda. "Shugabanmu ya ce ko yaren Kagoro ne."

Saratu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta zaunar da shi. "Malam Tukur, a faifan nan babu ƙa ko ɗaya. Lamba ɗari da goma sha uku ce a ciki. Tawa firintar na gaya mata ɗari da goma sha uku ƙa ne. Taka ba wanda ya gaya mata, sai ta ba ka q ɗinta."

Ya juya maganar a ransa. "Ashe in ni ma na zaɓi nawa gidajen, na Kafin Hausa ya zaɓi nasa, ba mai karanta faifan wani."

"Shi ya sa gara mu haɗu."

Malam Ja'afaru ya rubuta wasiƙu. Wata Asabar a watan Janairu mutum tara suka hallara a ofishin, daga Jahun da Kafin Hausa da wasu garuruwan, duk maza sai ita. Saratu ta tsaya a gaban allo da alli, ta zana gidan dara, ta sa kowa ya tara lambobin ƙa da hannunsa har ya samu daidai. Wani ya kawo shawarar a ba ɗa gidan p, aka yi ta gardama har azahar, daga baya aka tsaya a kan nata. Kowa ya koma da kwafin lambobin da takarda ɗaya da suka sa wa hannu. Daga ranar, faifan da aka buga a Jahun yana fita daidai a Haɗejiya, kuma a ofisoshin nan in an ce a buga da lanƙwasa sai a ce a sa ta Saratu.

Kusan shekara huɗu suna aiki da wannan tsari. A 1997 Malam Abdulwahid ya je wani kwas a Kano, ya dawo da shafuka biyu da ya ɗauki hotonsu daga wani ƙaton littafi. Ko gida bai biya ba ya wuce ofis.

"Malama, kin tuna na ce miki waɗanda suka raba lambobi ba su san da mu ba? An sake rabo. Sunansa Yunikod, jadawali ɗaya ne na duniya duka, kowane harafi na kowane harshe da lambarsa shi kaɗai. Duba nan."

Ta karɓa. A cikin wani ɗan akwati ga ƙa zaune da lanƙwasarsa, a gefe Abdulwahid ya rubuta da biro: ɗari huɗu da tara. A ɗaya shafin ga ɓa, ɗari biyar da casa'in da biyar, ga ɗa, ɗari biyar da casa'in da tara.

"Ba aro ba ne?" in ji ta.

"Nasu ne na kansu. Q ya koma gidansa. In aka buga ɗari huɗu da tara a nan, ko a Makka aka buɗe ƙa ne." Ya dubi kwamfutar ofis. "Sai dai wannan kwamfutar taku ba za ta iya ba, sai an kawo sababbi. Kuma in sun zo, tsarinki ya tashi aiki."

"To madalla! Da ma wa yake son zaman haya?"

Ta sake duban shafin, ta kai shi kusa da fuska tana nazarin yadda suka karkata lanƙwasar, ta ce tata ta fi tasu rusunawa kaɗan amma ba laifi. Sannan ta jawo kujera ta zauna gaban kwamfuta, ta ce ya karanto mata lambobin manyan haruffan su ma. Akwai littattafai goma sha bakwai a faifai da wata rana za a mayar da kowane q a cikinsu ɗari huɗu da tara, kuma tana so wasiƙa mai ɗauke da sababbin lambobin ta isa Jahun da Kafin Hausa kafin ranar kasuwa.